Idan Mota Ta Haɗu Da Doki A Hanya

Doki ya riga mota zuwa garuruwanmu. Tun kafin a shimfiɗa kwalta a Kano ko Katsina ko Zazzau ko Damagaram, a kansa sarakuna suke fita, a kansa manzanni suke kai saƙo. Har gobe kuma bai bar gari ba. A Kano, idan salla ta zo akwai hawan salla, washegari hawan daushe, rana ta uku hawan Nasarawa. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana su.

To amma dokin da ka gani ranar hawa ya sha ado, ba ranar kaɗai yake fitowa ba. Sauran kwanakin shekara ana fita da shi kilisa don ya motsa jini, ana kai shi wanka, ana kai shi kasuwa, ana hawansa ranar angwanci. Duk wannan a kan titin da mota da babur da A Daidaita Sahu suke bi. Direbobi da yawa ba su san halin doki ba. Wasu kuma sun sani, ganganci ne kawai da rashin ganin girman ran wani.

Halin doki

Allah ya halicci doki da tsoro. Girman jikinsa kada ya ruɗe ka. A daji shi abin farauta ne, kuma makaminsa na farko gudu. Idan ya ji abin da bai gane ba, ba ya tsayawa bincike. Zabura yake yi tukuna.

Dubi inda idanunsa suke. Suna gefe da gefen kansa, saboda haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi. Wuri biyu ne suke ɓoye masa: daidai gaban goshinsa, da kuma daidai bayan wutsiyarsa. Nan ne maganar take. Motar da ta biyo doki ta baya, ta wurin da ba ya gani take tahowa. Yana jin ƙara tana matsowa, bai san ko mene ne ba, sai kwatsam ya ga wani ƙaton abu ya ɓullo a gefensa. Kunnensa kuma ya fi na mutum ji. Hon ɗin da kai ka ɗauka gargaɗi ne, a wurinsa tashin hankali ne.

Ka taɓa tsayawa kusa da doki lokacin da tirela ta taka burki, iskar nan ta fita da ƙarfi, fuuu? Ka lura da shi. Kunnuwa su miƙe. Kai ya ɗaga sama. Ƙofofin hanci su buɗe, farin ido ya bayyana, wutsiya ta manne. Sai ya fara taka rawa a wuri ɗaya, kofato yana ƙwas-ƙwas a kan kwalta. Mahayi ya tattara linzami yana shafa masa wuya yana yi masa magana. A wannan lokaci doki yana tsakanin natsuwa da tutsu. Idan aka ba shi sakan biyar na shiru, sai ya sauke numfashi ya ci gaba da tafiya. Idan kuwa wani ɗan acaɓa ya zo ya murɗa totur a gindinsa, shi ke nan. Ko ya yi taɓarya ya miƙe a kan ƙafafun baya, ko ya kai harbi, ko ya yi tsalle gefe.

Wannan tsallen gefe yana kashe mutane. Doki ba ya duba hanya kafin ya kauce. Leda ce iska ta kwaso daga bakin kwata, ko kare ya yi haushi daga wani lungu, sai ya faɗo tsakiyar titi. Idan a lokacin kana wucewa dab da shi, kai zai faɗo wa. Ga shi kwalta tana da santsi a ƙarƙashin kofato, balle an yi yayyafi ko baƙin mai ya zuba.

Wani direban yana ganin ai shi yana cikin ƙarfe, mai doki ne zai ji jiki. Ba haka abin yake ba. Ingarman doki yakan kai kilo 400 ko fiye, kuma ƙafafunsa dogaye ne. Idan ƙaramar mota ta buge shi, ƙafafun take sharewa, gangar jikin kuma ta taso ta faɗo a kan gilashin gaba, daidai inda direba da na kusa da shi suke zaune. Haɗari ɗaya sai ya ci doki, ya ci mahayi, ya ci na cikin mota.

Abin da ya hau kan direba

Mahayi komai gwanintarsa, linzami kawai yake da shi, kuma linzami ba ya aiki sai dabbar tana cikin hankalinta. Kai direba kana da burki, ka taka mota ta tsaya. Don haka kaso mafi girma na nauyin nan a wuyanka yake.

Da ka hango doki, ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa. Kada ka bari sai ka zo dab sannan ka ja burki da ƙara. Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, tana cin kusan mita 14 a sakan ɗaya. Kafin idonka ya gani, ƙafarka ta kai kan burki, sakan ɗaya ya wuce, ka riga ka isa inda dokin yake. Idan kuwa gudunka kilomita 15 ne, mita 4 kacal za ka ci a wannan sakan, kuma da ka taka za ta tsaya.

A Ingila, inda ake yawan hawan dawaki a ƙananan hanyoyin karkara, an gyara ƙa'idojin hanya a watan Janairu na 2022. An ce mai wuce doki kada gudunsa ya kai mil 10 a awa, wato kilomita 16, kuma ya bar tazarar aƙalla mita 2 tsakaninsu. Dokinsu da namu halinsu ɗaya, saboda haka wannan ma'auni ya dace da mu. Mita 2 ya ɗan ɗara faɗin ƙaramar mota. Idan hanya ta matse, babu wannan fili, ko akwai kwana a gabanka, ko wata mota tana tahowa, to ka bi bayansa daga nesa ka jira. Jiran da wuya ya wuce minti ɗaya ko biyu. Sauri yakan haifi nawa.

Kada ka danna hon. Kada ka yi ta ba mota wuta. Rage ƙarar rediyo. Idan dare ne, sauke fitila, kada ka dalle masa ido. Bayan ka wuce ma kada ka fizgi mota nan take; ƙarar salansa daga gaba tana firgita shi kamar yadda ta baya take yi. Ja a hankali har sai ka ga a madubi ka ba shi rata.

Ka riƙa kallon mahayin. Shi yake jin abin da ke jikin dabbar tun kafin kai ka gani. Idan ya ɗaga maka hannu, tsaya. Idan dokin ya riga ya fara rawa, kashe injin gaba ɗaya. Masu manyan motoci, tifa da tirela, ku ne kuka fi bukatar wannan, saboda tsawon motarku da ƙarar burkinku da tamfol ɗin da ke kaɗawa a baya.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a faɗe ta ƙarara. Samari kan bi doki a kan babur suna ihu, suna buga salansa, wai su ga ya yi taɓarya su yi dariya ko su ɗauka a waya. Wani yaron mota ma yakan miƙo hannu ya ɗaɗa wa doki duka a cinya suna wucewa. Wannan mugunta ce. Wanda ke kan sirdin nan ɗan wani ne, wataƙila uban wasu ne. Idan ya faɗo da ka a kan kwalta, ko ƙafarsa ta maƙale a likkafa doki ya ja shi, wanda ya tsorata dabbar shi ne sila, a gaban hukuma da gaban Allah.

Masu dawaki ma da nasu

Gaskiya ɗaya ce, ba duk laifin ne na direba ba. Titin cikin gari ba filin sukuwa ba ne. Wanda ya saki linzami a tsakiyar kasuwa, ko ya yi zamiya a kan kwalta don 'yan kallo, ya sa ran yara da tsofaffi a haɗari. Irin wannan ne ya sa 'yan sanda a Kano suka sha fitar da sanarwar hana kilisa da tseren motoci a lokutan salla.

A Nijeriya da Nijar ta hannun dama ake tuƙi, don haka mahayi ya kama gefen dama. Mai jan doki a ƙasa ya tsaya ta hagunsa, wato tsakanin dokin da motoci. Kada a ɗora ƙaramin yaro shi kaɗai a kan ingarma a sake shi a titi. A haɗa shi da zagi. Dokin da aka kawo daga ƙauye bai saba da gari ba, a fara fita da shi da sassafe tare da wanda ya saba. A duba majayi da linzami kafin a hau. Fitar magariba kuwa a guje mata. Akawal da mahayi mai baƙaƙen kaya ba a ganinsu a duhu sai an zo kansu. Idan fitar ta zama dole, a sa fararen kaya ko rigar nan mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya.

Idan tsautsayi ya faɗa

Tsaya, kada ka gudu. Idan mahayi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ciccibe shi a naɗe a cusa cikin A Daidaita Sahu. Hakan yana iya mai da karaya ta zama shanyewar jiki. A tare motoci, a bar shi kwance yadda yake, kada a ɗura masa ruwa. Inda jini yake zuba a danne da tsabtataccen ƙyalle. A kira hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya a lamba 122, kiran kyauta ne.

Dokin da ya ƙwace kada a bi shi da babur, bin yana ƙara masa gudu. Dokin da ya ji ciwo kuma yana iya harbin ko da mai shi ne, saboda haka a nufe shi ta wajen kafaɗa, ana yi masa magana a hankali, a nemo likitan dabbobi.

Malam mai karatu, idan kana tuƙi, ko kana da ɗa ko ƙane mai babur, ka karanta masa wannan darasi yau. Idan kun zauna a tasha ko majalisa, ka gaya wa waɗanda ba su samu karanta shi ba.