Amsoshin Tambayoyinku: Sanyi ya wuce, ina zan kai yara?

TAMBAYA: Ni uwa ce mai 'ya'ya uku: babban shekararsa 9, mai bi masa 6, autan kuma bai cika 3 ba. Bara muka biyo maigida Manchester inda yake ƙaro karatu. Tun watan Nuwamba yaran nan ba su san waje ba sai hanyar makaranta, in an dawo, daga talabijin sai wayata. Yanzu rana ta fara daɗewa, malamarsu na ta cewa a riƙa fita da su. Ba mu da mota, kuɗi kuma kun san halin ɗalibi. Ga ruwan sama ba ya ɗaukewa, ga karnuka ko'ina. Ina zan kai su, kuma me za su yi in mun je?

Wata uwa, daga Manchester, Ingila

AMSA: Allah ya raya mana su, ya ba maigida sa'ar karatu.

Malamarsu tana da gaskiya. Manyan likitocin gwamnatin Birtaniya sun ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 18 ya samu kimanin minti 60 na motsa jiki a kullum, ɗan ƙasa da shekara 5 da ya iya tafiya kuwa minti 180, a rarrabe cikin yini. A watan Disamba kina da uzuri, domin a Manchester rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. Amma da zarar an tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, uzurin ya ƙare. Kafin Afrilu ya fita, rana na kai wajen 8:30 ba ta faɗi ba. Daga ƙarshen Maris ɗin ne kuma zuwa ƙarshen Satumba hasken ranar ƙasar yake da ƙarfin sa fata ta samar da bitamin D. Sai dai kada ki dogara da shi kaɗai. Hukumar lafiya ta NHS tana shawartar masu baƙar fata irinmu su riƙa shan maikirogiram 10 na bitamin ɗin a kullum duk shekara, haka ma duk yaro daga shekara 1 zuwa 4.

To ina za ki kai su? Shawarata ita ce ki daina tunanin wata babbar tafiya. Ki zaɓi wuri ɗaya da za ku iya zuwa da ƙafa, mai bishiyoyi, in da hali mai ɗan kududdufi, ku riƙa komawa duk mako. Dalili kuwa, abin kallo a bazarar Ingila shi ne saurin da abubuwa ke canjawa, wanda ya je sau ɗaya kuma ba zai ga canji ba. Bishiyar da take tsirara kamar ta mutu a farkon Maris, a Afrilu ta yi toho, a Mayu ta rufe da ganye har da inuwa. Kowane yaro ya zaɓi bishiyarsa. Babban ya riƙa ɗaukar hoton tasa daga wuri ɗaya duk Asabar, ga wayar ta yi amfani ke nan. Mai shekara 6 ta zana tata a littafi. Yaro ba ya son a ce masa “je ka sha iska”. Aiki yake so, abin da zai ce nasa ne.

Kududdufi ya ma fi bishiya ɗaukar hankali. A yankinku kwaɗi kan saki ƙwai a cikin Maris, curi-curi kamar kitse mai santsi, kowane ƙwai da ɗigon baƙi a tsakiya. Bayan mako biyu zuwa huɗu sai talibambam su ƙyanƙyashe, su fara fitar da ƙafafun baya, sannan na gaba, wutsiya ta shige, wajen Yuni ko Yuli a ga 'yan kwaɗi kamar farce suna tsalle cikin ciyawa. Ku kalla a inda suke, kada a kwaso zuwa gida ko a kai wani ruwan, saboda haka ake yaɗa musu cuta. Autan kuma hannunsa a cikin naki muddin kuna bakin ruwa.

Ranar da kuke son canjin wuri, garinku ba ya rasa su, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Heaton Park ya haura eka 600, jirgin Metrolink na tsayawa a bakinsa, akwai kuma wurin dabbobi a ciki. Fletcher Moss da ke unguwar Didsbury ƙarami ne amma yana da tarihi: a gidan da ke cikin lambun ne wata mata, Emily Williamson, ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a 1889, don takaicin yadda ake kashe su ana yi wa hulunan mata ado da gashinsu. Wannan ƙungiya ce ta zama RSPB ta yau. In kuɗi sun ɗan samu a hutun Ista, jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly zuwa Edale, cikin tsaunukan Peak District, ba ya kai awa ɗaya.

Tunda maganar tsuntsaye ta zo, bari in tsaya a kanta, domin a nan ne yaranki suke da abin da 'yan ajinsu ba su da shi. Yadda manomi a Katsina ko Maraɗi ke ganin shamuwa ya san damina ta ƙarato, haka Bature ke jiran tsattsewa a watan Afrilu. Wannan ɗan tsuntsu, mai nauyin kimanin giram 20, daga Afirka ta Kudu yake tasowa, ya ƙetare Sahara, tafiyar kusan mil 6,000. An tabbatar da haka ne a 1912, lokacin da aka tsinci wata tsattsewa a Natal, can Afirka ta Kudu, ɗauke da zoben da aka sa mata a ƙafa a Staffordshire ta Ingila fiye da shekara ɗaya kafin nan. Wasu tsuntsayen ma ba sa zuwa can nesa, a ƙasarmu suke cin hunturu. Fadamar Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, masauki ce ga ɗimbin tsuntsayen Turai, kuma wani sashenta ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, a shekarar 2000. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da Turawa ke kira whitethroat. A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya sun tarar fiye da kashi biyu cikin uku nasu ba su dawo ba. Da aka bi sawu, sai aka gano farin da ya fara a yankin Sahel ne ya cinye su, farin da ya ci gaba har ya halaka dabbobi da mutane a farkon shekarun 1970. Ki buɗe wa babban taswira, ki nuna masa garinku na asali, ki nuna masa Manchester, ki ce tsuntsun da ke kan shingen can mai yiwuwa ya fi shi sanin hanyar gida.

Ba sai kin san sunayensu ba. Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell kyauta ce, tana sauraron kuka ta faɗi mai yin sa. Lokacin da suka fi kuka shi ne kafin fitowar rana, daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni, har an ware Lahadin farko ta Mayu don sauraronsu. Mu da muke tashi sallar Asuba ba mu da wahala a nan: a buɗe taga kawai bayan an idar. Gargaɗi ɗaya ga babban, da ma babansa in ya tuna ƙuruciya: danƙo ba na can ba ne. Dokar 1981 ta kare namun daji ta haramta kashe tsuntsun daji, ɗaukar ƙwansa, ko lalata sheƙar da yake amfani da ita. In za ku ciyar da agwagi kuma, ɗanyen ots ko ragowar dafaffiyar shinkafa sun fi musu burodi.

A gida, bokiti mai huda a gindi da ƙasar shuka sun isa dankalin Turawa, a binne a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Wake ya tsira a kofi a bakin taga, amma kada a fitar da shi waje sai ƙarshen Mayu, lokacin da raɓa ta daina daskarewa da dare. Alayyafo zai yi in ɗumi ya kama. Kuɓewa kuwa, ki haƙura.

Ruwan sama ba zai ɗauke don ke ba, wannan Manchester ce. Yawancinsa yayyafi ne, maganinsa rigar ruwa da dogon takalmin roba, kuma shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna sayar da na yara da araha. Ki ware musu kayan da ba za ki yi faɗa ba in sun dawo da taɓo. Karnuka kuma, ki koya wa yaran abu ɗaya: in kare ya nufo su, su tsaya cik, hannu a naɗe, ba gudu, ba ihu, domin gudun ne ke sa shi bi. Ba laifi ba ne ki roƙi mai kare ya riƙe abinsa. Hukuncin yawunsa dai na bar wa malamai.

Abubuwan da suka fi kare haɗari ma ba su da haƙora. Furen dafodil mai ruwan ɗorawa da ke cika gefen hanya a Maris guba ne, jijiyarsa kuma kamar albasa take, don haka ki sa ido kan autan. Shuɗin furen nan bluebell da ke shimfiɗe cikin dazuzzuka daga tsakiyar Afrilu shi ma guba ne, doka ta hana tone shi, kuma in an tattake shi yakan ɗauki shekaru bai farfaɗo ba. Ku bi hanya. In kun shiga doguwar ciyawa, ki duba jikinsu da dare saboda kaska, musamman bayan kunne, hammata da bayan gwiwa. In kin gani, ki kama ta da matsefata daf da fata ki ja a hankali. In wani tabo mai faɗaɗa ko zazzaɓi ya biyo baya cikin makonni, sai likita, don kaskar can na ɗauke da cutar Lyme. Gonakin da ke buɗe wa yara ƙofa su ga haihuwar tumaki suna da daɗin zuwa, amma a wanke hannu da ruwa da sabulu kafin a ci komai, man shafawa na kashe ƙwayoyin cuta ba ya wadatarwa. A 2009 mutum 93, yawancinsu yara, suka kamu da E. coli a wata gona irin wannan a Surrey. Mai juna biyu kuma kada ta kusanci tumaki masu haihuwa ko kaɗan. Sannan duk zafin da rana za ta yi a Mayu, ruwan tafki da na dam yana nan da sanyin da ke ɗauke numfashi. Ba wanka a ciki.

Ki fara Asabar ɗin nan, ko da minti talatin ne, ko ana yayyafi. Ki ja maigida ya ajiye littafi ya bi ku. Muna jiran wasiƙarki a watan Yuni ki gaya mana bishiyar wa ta riga yin ganye.