Haska Hoto Daban, Sauya Fatar Mutum Daban

Sana'ata ɗaukar hoto ce da gyara shi a kwamfuta, kuma mafi yawan aikina na biki ne: kamu, ɗaurin aure, suna, walimar saukar karatu. Cikin buƙatun da ake kawo mini babu wadda ta kai "don Allah a ɗan haska ni" yawa. Amare na faɗa, anguna na faɗa, har iyaye mata kan ja ni gefe su roƙa wa 'ya'yansu. Abu biyu ne a cikin wannan buƙata. Ɗaya haƙƙin mai hoto ne, dole a yi masa. Ɗayan kuwa ɓarna ce da mu masu sana'ar muke yi wa fuskokin bayin Allah da hannunmu.

Sau da yawa mai ƙorafin yana da gaskiya, hoton ya fito da shi da duhun da ba nasa ba. Kyamara ba ta san mutum ba, haske kawai take aunawa, kuma an gina ta ne ta riƙa neman matsakaici, tsakanin fari fat da baƙi ƙirin. To, tsayar da ango cikin babbar riga ta farar shadda, abokansa su ma duk fari, da rana tsaka a ƙofar masallaci. Farin ya cika mata ido, sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya, fuskoki su nutse. A zauren biki kuma fitilu masu shuɗi da kore ne suke zuba a kan fata, ta fito toka-toka kamar mai jinya.

Matsalar ta girmi wayar hannu. A zamanin fim, katin da kamfanin Kodak yake bai wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a jikinsa, ana ce masa katin Shirley, kuma da fatarta ake auna ta kowa. An daɗe a haka. Cikin waɗanda ƙorafinsu ya sa aka inganta launin ruwan ƙasa har da masu tallar cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau. A zamaninmu, ɗaya daga dalilan da suka sa wayoyin Tecno suka karɓu a Afirka shi ne an saita kyamararsu don baƙar fata, kuma sai a 2021 Google ya fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 don magance wannan giɓi. Saboda haka in wata ta ce hoto ya dusashe ta, ba na musa mata.

Gyaran wannan ba shi da wuya, ko a Lightroom, ko a Photoshop, ko ma a Snapseed na waya. Na farko a daidaita fari: a nuna wa manhajar wani abu da aka san fari ne a zahiri, kamar rigar ango, sai shuɗin fitila ya bar fata. Sannan a keɓe fuska ita kaɗai a ɗaga inuwar da ta rufe ta, a kuma rage ƙyallin rigar har aikin wuya ya dawo a gan shi zare-zare. Wanda ya ja hasken hoton gaba ɗaya, ya ƙona ɗinkin da maɗinki ya yi makonni yana yi. A nan ne ɗauka da ɗanyen fayil na RAW take da amfani. Hoton JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW na kyamarori da yawa kuwa yana kai 16,384, don haka akwai abin da za a tono daga cikin inuwa ba tare da hoton ya farfashe ba. In an gama, mutum zai fito da launinsa na gaskiya, yana sheƙi.

Ɓarnar kuwa ita ce a tsotse ruwan ƙasan da ke fata, a goge ƙofofin gashi, a rage hanci, a tsuke haɓa. Mu da ke cikin aikin muna ganewa nan take: fuska fara sol, wuya da kunne da bayan hannu suna nan yadda suke, jan lallen amarya ya koma wani launi da babu shi a kasuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton tsofaffi. Sai yaro ya zauna gaban kwamfuta ya shafe tsagar gado daga kumatun kaka, yana ganin ya kyauta mata. Wannan tsaga ita take faɗin garinsu da zuriyarsu, kuma yanzu an kusa daina yin ta. Jikokin da za su ɗauki hoton nan gaba a ina za su gan ta?

Ƙa'idar da nake bi a shagona ita ce: abin da zai tafi da kansa cikin 'yan kwanaki, ina cirewa. Ƙurji, maiƙon gumi, jan baki da ya taɓa haƙori, kwalli da ya zazzago. Abin da mutum yake tashi da shi kullum, irin su tawadar Allah, wushirya, bille da launin fata, ba na taɓawa. In an matsa, nakan nuna wa mai hoton na asali da wanda aka gyara haskensa a allo, kuma mafi yawanci in suka ga an gyara hasken yadda ya kamata, maganar fari takan mutu.

Ba tsaurin ra'ayi ne ya sa nake haka ba. Yarinyar da ta saba ganin kanta fara a waya, in ta dubi madubi sai ta ga kamar ita ce ba daidai ba, daga nan kuma hanyar shagon man bilicin gajera ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi cewa wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makyuri mai lalata ƙoda. Faransa ta ga girman illar gyaran hoto, tun Oktoban 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi in an taɓa surar jikin mai tallar. Akwai kuma cigiya. Allah ya kiyaye, yaro ko budurwa su ɓata, a nemi hoton da za a yaɗa, sai a tarar duk na wayar filta ta sauya su, ko maƙwabci ba zai shaida ba. Hoton fasfo da na biza kuma kada a kuskura: Amurka da Birtaniya duk sun rubuta ƙarara cewa ba sa karɓar hoton da aka sauya da manhaja.

Don haka, 'yan uwa, in an ɗauke ku hoton biki ku nemi a haɗa muku da na asali, wanda ba a taɓa ba, ku adana a wuri biyu. Ku ce a turo ta WhatsApp a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse hoto ta rage masa ƙarfi. Hoton da za a wanke mai girman inci 8 da 10 yana son fiksel 2,400 da 3,000 kafin ya fito tas, kuma wanda ya zaga waya uku ba ya kai haka. Abokan sana'a kuma, musamman ƙannenmu masu tasowa, kada ku taɓa ajiye gyararren hoto a kan na asali. JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake ajiye shi, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Ku yi aiki a kan kwafi, ku bar na farkon yadda kyamara ta ba ku shi.