Maltina Ba Ta Ƙara Jini, Tuwon Alkama Ba Ya Sauke Suga

Aikina a ɗan asibitin da nake a Unguwar Sanusi, cikin Kaduna, shi ne zama da masu hawan jini da masu ciwon suga da mata masu zuwa awo, in tambaye su abin da suka ci jiya tun daga karin kumallo har lokacin kwanciya. Daga Tudun Wada ake zuwa, daga Badikko, daga Unguwar Mu'azu, har daga Rigasa. Yawancin waɗanda nake gani ba sakaci ne ya kawo su ba. Suna iya ƙoƙarinsu, wasu ma kuɗi suke kashewa fiye da ƙarfinsu don su ci abin da aka ce musu shi ne mai kyau. Inda gizo ke saƙa shi ne mun raba abinci gida biyu, wannan na lafiya, wancan mai cutarwa. Duk wanda ya samu shiga gidan farko, to ya tsira daga bincike: ba mai sake tambayar me aka zuba a ciki, ko nawa aka ci.

Babu wanda ya ci wannan gajiya kamar maltina, ina nufin duk lemon malt ɗin nan baƙi, ko wane kamfani ne ya yi shi. Je ki barka ko dubiya ki ga abin da ke gindin gado. Katan ne na maltina da gwangwanayen madara, wai a haɗa a ba mai jego ta mayar da jinin da ta zubar. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta taɓa ce mini, “Haba Malama, ba ki ga kalarta ba? Ai da gani kin san jini ce.” Jiki kuwa ba da kala yake ƙera jini ba. Abin da yake nema shi ne sinadarin ayon, kuma maltina ba wurin samunsa ba ce. Ruwa ne da sha'ir da sukari, sai wasu bitamin da akan ƙara. Madarar da ake tsiyayawa a kai ita ma ayon ɗinta bai taka kara ya karya ba. Ƙarfin da mai jego take ji bayan ta sha, sukari ne ya hau mata, kuma ba ya jimawa.

Matsalar ƙarancin jinin kuma gaskiya ce, ba ƙarama ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, a yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68 ne. Kuɗin katan ɗaya zai sayi wake da busasshen kifi da zogale da alayyahu na kwanaki, har da ɗan nama. A haɗa da gwaiba ko lemon zaƙi ko ɗanyen tumatir, domin bitamin C yana taimaka wa hanji ya ɗauki ayon ɗin da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa akasin haka yake yi, shi ya sa nake cewa a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Hanta tana da ayon sosai, amma mai ciki kada ta yawaita ta. Sannan jajayen ƙwayoyin nan da ake bayarwa wajen awo, waɗanda wasu ke jefawa bayan gado saboda tashin zuciya ko tsoron wai jariri zai yi ƙato, su ne ainihin maganin da ake nema a cikin kwalba ba a samu ba.

Sai masu ciwon suga da ke zuwa da fara'a su ce sun daina shan lemo, maltina kawai suke sha. A nan sai mu ɗauko lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini. Ga baligi wannan wajen giram 50 ke nan, cokalin shayi 12, in an iya rage shi zuwa rabin haka ya fi. Lemon kwalba na yau da kullum yana ɗauke da wajen giram 10 a kowane mililita 100, wato robar rabin lita ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya. Maltina ba ta gaza haka ba. Ruwan 'ya'yan itace na kwali, mai hoton abarba da mangwaro, shi ma cikin wannan lissafi hukumar ta sa shi, ko da ba a ƙara masa komai ba, domin an tace an zubar da tukar da ke rage gudun sukari zuwa jini.

Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zaƙaƙa, ƙarƙashin dokar kuɗi ta 2021. Amma zoɓon da ake ƙullawa a leda a ƙofar makarantar Islamiyya ba ya biyan haraji, ba shi kuma da takardar da za a karanta a jikinsa. Ba na kushe zoɓo. Ganyensa ma an yi bincike an ga yana ɗan sassauta hawan jini. Sai dai duk wadda ta taɓa yin zoɓon sayarwa ta san yawan sukarin da tsaminsa ke ci kafin yaro ya yarda ya miƙa kuɗinsa, ban da garin ɗanɗano da na kala. Haka kunun zaƙi, haka kunun aya, haka fura idan aka dama ta da yogot mai zaƙi aka kuma ce a ƙara cokali uku. Gero da nono abinci ne na gaske, mai riƙe ciki. Abin da ke ɓata su daga baya yake shigowa, kuma a hannun mai sha yake: “Kar a sa mini sukari” magana ce da mai fura ta saba ji.

Zuma da dabino sai an yi hattara wajen maganarsu, domin suna da daraja a addininmu da al'adarmu, ni ma ina girmama su. Amma mai ciwon suga da ya ajiye sukari ya koma kwarara zuma a shayi, ma'auni zai nuna masa sugan ya hau. Dabino ɗaya ko biyu a buɗa-baki daban, a ajiye leda a gaba ana ci ana hira har sallar asham daban. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma.

Yanzu alkama. Ban san wanda ya fara yaɗa cewa tuwon alkama maganin ciwon suga ne a garin nan ba, amma ya yi nasara. Magidanci zai ce, “Malama, wata uku rabona da shinkafa, alkama nake ci safe da dare, amma abin ya ƙi sauka.” In na tambayi malmala nawa, sai ya yi dariya ya ce biyu, wani lokaci uku, tunda ai magani ce. Alkama sitaci ce, kamar masara da dawa da shinkafa da doya, kuma duk sitaci sukari yake komawa a hanji. Idan an niƙa ta da dusarta tana da ɗan fifiko a kan farar fulawa, amma niƙan da ya yi laushi sosai yana sa ta narke da sauri. Malmala uku na alkama sun fi rabin faranti na shinkafa da wake ɗaga suga nesa ba kusa ba. Acca ma, da ake kawowa daga kudancin Kaduna da Filato ana sayarwa da tsada da sunan abincin masu suga, hatsi ce mai kyau, amma ita ma awo take so. Burodin da ake kira na alkama kuwa, wani farar fulawa ce aka ba ta launin ƙasa, shi ya sa za ka ji shi laushi kamar auduga. Na gaskiyar yana da nauyi, kana ganin ɓarɓashin dusa a jikinsa.

Abin da nake nuna musu ba shi da wahala: malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannun mai ci, miya mai ganye ta fi tuwon yawa, kuka ce ko kuɓewa ko taushe ko zogale, a samu wake ko kifi ko ƙwai a gefe. Wanda yake da na'urar gwaji a gida ya gwada awa biyu bayan ya ci, yau alkama gobe dawa, jikinsa zai gaya masa gaskiya fiye da maƙwabci. Kuma kada a ajiye maganin likita saboda shuwaka ko ruwan lemon tsami. Na ga waɗanda suka yi haka suka dawo da gyambon ƙafa.

Gishiri ya fi sukari iya ɓuya. Uwargida za ta rantse tun da aka ce maigida yana da hawan jini ba ta ƙara sa gishiri a miya ba, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai ta maye gurbinsa da dunƙulen magi shida, alhali wajen rabin kowane dunƙule gishiri ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a yini, wato cokalin shayi ɗaya, kuma a cikinsa har da na burodi, da na kifin gwangwani, da na yajin da ake barbaɗa wa tsire da awara. Abin mamaki, farin magi da kowa ke tsoro ana cewa da shi ake wanke tukunya, sodiyam ɗin da ke cikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke cikin gishiri. Ba cewa nake a rungume shi ba, amma tsoron ya sauka a gidan da ba nan ne babban mai laifin yake ba. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da garin busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano har a rage dunƙule zuwa ɗaya ko biyu, kuma harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Kanwa ma gishiri ce a wajen zuciya, domin sodiyam ne jigonta. Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma a ƙasarmu aka gano shi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, su zo da kumburin ƙafa da haki, suka kuma alaƙanta abin da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, tare da wankan jego da tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Har gobe ina ganin kakannin da ke dagewa sai an sha kunun kanwa don nono ya kawo. Nakan ce, “Inna, a yi mata kunun, a bar kanwar.” Tsotson jariri akai-akai da ƙoshin uwa da ruwan sha su ke kawo nono. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko take kasa kwanciya saboda numfashi, asibiti za a kai ta a ranar.

Maganar man girki gajeriya ce. Rubutun “babu kolestarol” a jikin galan ba wani abin yabo ba ne, duk man da aka samu daga tsiro ba shi da kolestarol tun asali, ko man ƙuli ne na gida. Manja yana da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, shi ne jan da ke jikinsa, idan aka ƙona shi har ya yi fari to an kashe amfanin an bar kitsen. Hukumar NAFDAC ta fitar da ƙa'ida a 2022 da ta taƙaita mugun kitsen nan na masana'anta zuwa giram 2 a cikin giram 100 na mai, amma ba hukumar da za ta leƙa kaskon da aka soya kifi jiya, yau ake soya dankali, gobe awara, man ya yi baƙi yana kumfa.

Duk da haka ni ba na cikin masu cewa a guji abincin bakin titi. Alale, ɗanwake da aka sassauta wa mai da kanwa, gasasshiyar masara, dafaffiyar gyaɗa, kwaɗon zogale ko rama, shinkafa da wake, balangu da aka cire wa kitse aka cika da albasa da tumatir, waɗannan sun fi yawancin abin da ake sayarwa a shagunan gilashi amfani, kuma sun fi araha. Awara kanta waken suya ne, tana gina jiki kusan kamar nama, mai da yaji ne ke jawo mata magana, ana kuma iya jefa ta a miya ba tare da an soya ba. A can shagon gilashi kuwa sai mutum ya zaɓi salak ko shawarma yana ganin ya kyauta wa kansa saboda ya ga kabeji, alhali farin kirim ɗin da aka lulluɓe kabejin da shi yawancinsa mai ne.

Indomi da ƙwai a teburin mai shayi ita ce abincin daren samarin unguwar nan da yawa, ita ce kuma abin da iyaye mata ke zuba wa yara a kular makaranta. An riga an soya taliyar a mai tun a masana'anta, gishirin kuma yana cikin ɗan ƙullin garin da ke tare da ita. Abu mafi amfani a farantin shi ne ƙwan, wanda har yanzu wasu gidaje ke hana yara wai zai koya musu sata. Yaron da ya kai wata shida zai iya fara cin dafaffen ƙwai. In za a dafa indomin, a zuba rabin garin, kada a ƙara magi ko mai a kai, a yanka kabeji da karas da albasa su kusa kai yawan taliyar, leda ɗaya ta wadatar maimakon biyu. Kuma a ce wa mai shayi ya tsaya a cokali ɗaya na sukari, tunda madarar gwangwani mai kauri da garin koko da yake zubawa kowanne da nasa sukarin ya zo.