Me Ya Sa Ake Murɗa Fistin Birkin Baya?

Yaron gareji da ya saba canza takalman birkin gaba yakan sha mamaki ranar da aka fara ba shi ƙafar baya. A gaba, da zarar ya ɗora abin matsi a kan fistin ya ɗaure, sai fistin ya koma ciki salin-alin. A baya kuwa, a motoci da yawa, ko yini zai yi yana matsawa fistin ba zai gusa ba. Idan ya ce sai ya nuna ƙarfi, zai lalata kayan da ke ciki, hambirki ya daina riƙe mota. Dalilin wannan bambanci yana cikin darussa biyu da ake koyarwa a ajin kimiyya: matsin ruwa da aikin sukuru.

Yadda birki ke kamawa

A jikin ƙafar mota akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi, wanda makanikai ke kira kalifa, yana rungume da bakin faifan. A cikinsa akwai takalman birki biyu, ɗaya a kowane gefe, da fistin da ke tura su. Idan direba ya taka birki, man birki yakan bi ta siririn bututu ya tura fistin, takalman su matse faifai, gogayya ta mayar da gudun mota zafi.

Masanin Faransa Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ya bayyana cewa matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe yana isa ko'ina a cikinsa ba tare da raguwa ba. Alal misali, idan fuskar fistin da ke wajen direba murabba'in santimita 3 ce, ta fistin kalifa kuma 12, ƙarfin zai ninku sau 4.

Idan aka saki birki, wani zoben roba da ke kewaye da fistin yakan janye shi baya, amma ɗan kaɗan, abin da bai kai milimita ɗaya ba. Saboda haka, yayin da takalmi ke cinyewa, fistin na ƙara fitowa, mai kuma na sauka daga kofinsa ya cike gurbin. Sabon takalmi yakan kai kaurin milimita 10 ko fiye, ana kuma shawartar a canza shi idan ya ragu zuwa 3. Ke nan sabo ba zai sami wurin shiga ba sai an mayar da fistin inda ya fito.

Abin da ke cikin fistin baya

Hambirki ba ya aiki da mai, domin ana so ya riƙe mota ko da man ya tsiyaye. Waya ce ke jan wani ɗan hannu a bayan kalifa, shi kuma ya tura sukuru, sukurun ya tura notin da ke zaune cikin fistin. An ƙera su yadda notin zai riƙa warwarewa a hankali duk lokacin da fistin ya ƙara fitowa, amma ya cije idan aka turo shi daga waje. Ba don haka ba, da hambirki bai riƙe komai ba.

Jak mai sukuru misali ne na kusa. Nauyin mota duka yana kansa, amma ba ya sauka sai an juya hannunsa. Haka fistin baya yake: sai an haɗa murɗawa da dannawa a lokaci guda. Alamarsa ita ce tsaga biyu ko huɗu a fuskarsa. Akwai motocin da hambirkinsu ke da ƙaramar ganga ta daban a cikin faifai. Fistinsu ba shi da tsaga, tura shi kawai ake yi kamar na gaba.

Matakan aiki

1. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa weji a tayoyin gaba, a saki hambirki. Bayan an ɗaga ta da jak, a tallafe ta da ƙafafun ƙarfe.

2. A buɗe kofin man birki a duba. Man da fistin zai kora sama yake komawa, kuma idan ya malalo yana cin fenti. In kofin ya cika, a rage.

3. A kwance kalifa a rataye shi da waya. Kada a bar shi yana lilo a jikin tiyon mai.

4. A sa haƙoran abin murɗawa cikin tsagar fistin, a riƙa juyawa ana dannawa. Galibi yadda hannun agogo ke tafiya ake bi, amma akwai motocin da gefe ɗaya ke bin akasin haka, don haka a duba littafin motar. A lura kada robar da ke tare ƙura ta nannaɗe ta yage.

5. Idan takalmin yana da ɗan ƙullutu a bayansa, a daidaita tsagar yadda zai faɗa ciki. In ba haka ba takalmin zai zauna a karkace, ya cinye gefe ɗaya.

6. Bayan an ɗaure komai, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri, sannan a ja hambirki a saki, a sake duba mai.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Fistin da aka mayar yana nesa da takalmi, don haka takun farko zai tafi har ƙasa ba tare da ya kama ba. Wanda ya fita titi kafin ya yi wannan, ya fita da mota marar birki. Haka kuma, ana canza takalman dama da na hagu tare, don kada mota ta riƙa fizga gefe.

Motoci masu maɓalli

Tun daga 2001, lokacin da motoci irin su BMW 7 Series suka fito da birkin ajiya na lantarki, maɓalli ya fara maye gurbin sandar hambirki. A yawancin irin waɗannan, ƙaramin injin lantarki ne a bayan kalifa ke juya sukurun. Kafin a taɓa fistin, sai an umarci injin ya ja da baya, ko dai da na'urar binciken mota ko ta hanyar da kamfanin ya tsara. Wanda ya matsa da ƙarfi kafin haka yana iya lalata injin.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai ke raguwa a kofi ko da babu inda yake yoyo?

2. Idan fuskar ƙaramin fistin murabba'in santimita 2 ce, ta babban kuma 10, sau nawa ƙarfi zai ninku?

3. A kawo kayan aiki biyu, ban da jak, waɗanda sukuru ke riƙe nauyi a cikinsu.