Yadda Ake Lissafin Awannin Jirgi Daga Kano Zuwa Jidda

Fara da nisa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, a miƙe, kimanin kilomita 3,400 ne. Babban jirgin fasinja kan ci kilomita 800 zuwa 850 a awa. Raba, ka samu awa huɗu da 'yan kai, ka ƙara rabin awa na tashi da sauka. Awa huɗu da rabi ke nan idan hanya a buɗe take.

To, ba kullum take buɗe ba. Miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Saboda haka kada ka riƙe lissafin wani Alhajin da rabonsa da Makka tun 2019. Tambayi kamfanin jirgin hanyar da yake bi a yanzu.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Lokutan da ke kan tikiti, kowanne na garin da aka rubuta shi ne: na tashi agogon Kano, na sauka agogon Jidda. Saudiyya kuwa tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, rani da damina. A ce tikiti ya nuna tashi ƙarfe 10:00 na dare, sauka 4:30 na asuba. Ido zai ce awa shida da rabi. Cire biyu, saura huɗu da rabi. A dawowa akasin haka ne: tashi 9:00 na safe, sauka 11:30, sai ka ƙara biyu. Na sha jin ejan yana gaya wa fasinja wai dawowa ta fi sauri. Agogo ne kawai ya ja baya. In kuma ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi. Faɗa wa mai tarbarka ranar, ba awa kaɗai ba.

Tikiti mai rahusa yawanci na ya da zango ne a Addis Ababa ko Alƙahira. A nan daina lissafin kilomita, duba awannin jira, don su ke cinye yini. Ni dai ba na sayen wanda jiransa bai kai awa biyu ba, kaya ne ke makalewa.

Mai Umara da zai sauka Jidda, jirgi zai ratsa miƙati kafin sauka. Sa harami tun a Kano ko a zangon ƙarshe, niyya kaɗai ka bari sai an yi sanarwa. Banɗakin jirgi ba wurin ɗaura zane ba ne.