Darasi na 12: Daga Kano zuwa Jidda ta Jirgin Sama

Ɗalibai, ku karanta wannan bayani da kyau, sannan ku amsa tambayoyin da ke biye.

A zamanin da, mai niyyar aikin Hajji yakan yi bankwana da iyalinsa kamar ba zai dawo ba. Alhazai sukan nufi gabas a ƙasa ko a kan raƙuma, su ratsa Borno da Chadi da Sudan, sannan su ƙetare Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a hanya. Jiragen sama sun fara sauka a Kano a shekarar 1925, kuma sannu a hankali tafiyar shekaru ta koma ta awoyi.

A ce maniyyaci ya taso daga Danchuwa, ya biyo ta Potiskum da Azare, ya iso Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Awa nawa zai yi a sama kafin ya sauka a Jidda?

Ga yadda ake lissafi. Nisan da ke tsakanin Kano da Jidda ta sama kimanin kilomita 3,400 ne. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kimanin kilomita 850 a awa ɗaya. Idan kuka raba 3,400 da 850, za ku sami 4, wato awa huɗu. Amma jirgi ba ya wannan gudu a lokacin tashi da sauka, kuma wani lokaci yakan yi kewaye saboda hadari ko yaƙi. Don haka tafiyar takan kusa kai awa biyar.

Akwai kuma abin da yakan ruɗa matafiya. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu, domin rana tana riga fitowa a gabas. Jirgin da ya tashi daga Kano da ƙarfe 8 na safe, ya yi awa biyar, zai sauka da ƙarfe 1 na rana a agogon Nijeriya, amma ƙarfe 3 ne a Jidda. Lokacin da ake rubutawa a tikiti na garin da ake tashi ko sauka ne. Wanda bai gyara agogonsa ba yana iya makara ranar komowa, jirgi ya tafi ya bar shi.

Sababbin Kalmomi
maniyyaci: wanda ya yi niyyar zuwa Hajji
ƙetare: wucewa daga wannan gefe zuwa wancan
kewaye: bin hanyar da ba miƙaƙƙiya ba
makara: rashin zuwa a kan lokaci

Tambayoyi
1. Waɗanne ƙasashe alhazan da suke ratsawa?
2. Me ya sa tafiyar takan wuce awa huɗu?
3. Jirgi ya tashi daga Jidda da ƙarfe 8 na safe, ya yi awa biyar. Ƙarfe nawa zai sauka a agogon Kano?
4. Ku gina jimla da kowace sabuwar kalma.