Idan Inji Ya Ƙi Tashi Bayan An Sauke Shi

Darasin wannan wata na yara masu koyon kanikanci ne, da kuma masu motocin haya na karkara. Sau da yawa mutum zai sayar da hatsi ko dabba don a sauke injin motarsa. A sa sababbin fiston da ringi da gaskit. A ɗora inji, a murɗa makulli, mota ta ƙi tashi. Daga nan sai direba ya yi ta ba da kik, yaran gareji su yi ta turi, har batir ya mutu.

Wannan naci ɓarna ne. Duk kik ɗin da inji bai kama ba, fetur yana shiga silinda ba ya ƙonewa. Fetur ɗin yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, sai sababbin ringi su riƙa gugar ƙarfe a bushe. Kada kik ɗaya ya wuce daƙiƙa 10. In an gwada sau uku ko huɗu bai tashi ba, sai a tsaya a bincika.

Da farko a saurari injin. Idan ba ya juyawa, ko yana juyawa da ƙyar, a duba batir da kawunansa. A duba kakkaurar wayar nan da ke haɗa jikin inji da jikin mota, domin ana yawan mantawa da ita wajen ɗora inji. Sannan a kashe makulli, a sa sifana a kan notin fuli, a juya injin da hannu. Sabon aiki yakan yi ɗan tauri, amma dole ya juya. In ya cije, kada a matsa masa. Akwai abin da aka ɗaura ba daidai ba a ciki.

Idan inji yana juyawa sosai, to yana neman abu uku: mai, da wuta, da matsi a cikin silinda. Mai da wuta ba su da wuyar ganewa. A duba ko fetur yana isa kafireta. A cire fulogi ɗaya, a mayar masa da wayarsa, a ɗora shi a jikin inji nesa da fetur, a ba da kik. Za a ga wuta tana tsalle a bakinsa.

Amma ko akwai mai da wuta, inji ba zai tashi ba sai wutar ta zo a kan lokacinta. Wannan shi ne tayimin, kuma a nan ne sabon aiki ya fi samun matsala. Sai karanshaf ya juya sau biyu kafin kamshaf da distiributa su juya sau ɗaya. Saboda haka fiston na ɗaya yana hawa sama sau biyu. Hawa ɗaya na matse mai da iska ne, ɗayan kuma na fitar da hayaƙi. Alamar da ke jikin fuli tana zuwa wuri ɗaya a duk hawa biyun. Bakaniken da ya dogara da alamar kawai yana iya dasa distiributa a kan hawan hayaƙi. Wuta za ta zo, amma ba ta tarar da abin da za ta ƙona ba. Irin wannan inji yakan yi tari ta kafireta, ko ya yi ƙara kamar bindiga ta salansa. Shi ya sa tsiyaya fetur a bakin kafireta yake jawo gobara.

Ga yadda ake rabe hawa biyun. A kashe makulli, a cire fulogi na ɗaya, a toshe ramin da babban yatsa. Wani ya juya inji da sifana a hankali. Idan iska ta fara tura yatsa, fiston yana hawan matsi ke nan. A ci gaba da juyawa har alamar fuli ta daidaita. Inda ramin fulogi ya yi zurfi, sai a buɗe murfin bawul: a hawan matsi, bawul biyu na silinda ta ɗaya a rufe suke. Yanzu a buɗe kan distiributa. Dole bakin rota ya kalli wayar fulogi na ɗaya. In ya juya mata baya, an gano ciwon.

Sai kuma jerin wayoyin fulogi. Yawancin injuna masu silinda huɗu suna ba da wuta 1-3-4-2, amma Boksuwaja ƙirar kunkuru 1-4-3-2 ce. A kula da inda ake fara ƙirga. A Toyota silinda ta ɗaya tana gaban inji wajen fuli. A Fijo 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, daga baya ake farawa, wajen fulawul. Yaron da ya koyi aiki a kan Toyota yakan ruɗe a nan. Motocin da ba su da distiributa kuwa suna da sansa a kusa da karanshaf. In an manta ba a jona wayarta ba, wuta ba za ta zo ba sam.

Idan tayimin ya yi daidai amma iska ba ta tura yatsa da ƙarfi, a duba bawul. Bawul ɗin da aka ɗaure da yawa ba ya rufewa, matsi sai ya zube. A duba kuma alamomin sarkar tayimin, domin ko haƙori biyu aka tsallake inji yana iya ƙin tashi.

Kafin a sake gwadawa, a cire fulogi duka a busar da su. A shinshina baƙin mai. In yana warin fetur, a canza shi. Da inji ya kama, ido ya koma kan jar fitilar baƙin mai. In ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi ba, a kashe injin nan take.